Binciken injiniya da binciken kimiyya zalla: amsa ga ɗalibin da aka ce masa aikinsa haɗe-haɗe ne

"Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara lafiya da basira. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sashen injiniyan aikin gona, ɗan wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo. Aikin kammala digirina shi ne haɗa injin ban-ruwa mai aiki da sola domin manoman fadama irin mahaifina. Da na je gida hutu, ɗan baffana wanda ya karanta fiziks ya ce mini wannan ba bincike ba ne, haɗe-haɗe ne kawai, tunda babu wata dokar halitta da zan gano, kuma duk abin da zan yi amfani da shi masana kimiyya sun gama shi tun kafin a haifi kakanmu. Maganar ta tsaya mini a rai. Mene ne ainihin bambancin binciken injiniya da na kimiyya zalla? Kuma idan ina son in zama mai bincike na gaske, sai na koma fiziks a digiri na biyu?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Idan na fahimce ka, abin da ke damunka shi ne ko mutum zai iya amsa sunan mai bincike alhali bai gano wata sabuwar dokar halitta ba, da kuma ko akwai wani ilimi da injiniya yake samarwa da kansa, ko kuwa kullum ɗiba yake yi daga rumbun masana kimiyya. Na daɗe ina aikin ban-ruwa da injinan gona tsakanin Kura, Bunkure da kwarin Haɗeja, kuma wannan gardama ba ta taɓa ƙarewa tsakaninmu da abokanmu na ɓangaren kimiyya ba. Binciken injiniya bincike ne cikakke, yana da tambayoyinsa, yana da hanyoyinsa, yana da abin da ake auna ingancinsa da shi. Sai dai ɗan baffanka bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin da yawa daga abin da ɗalibanmu ke miƙawa da sunan bincike haɗe-haɗen ne da gaske, kuma ɓangaren da naka aikin zai faɗa ya danganta da yadda ka tsara shi.

Mita 10 a takarda, mita 7 a fadama

Bari mu fara da abin da ka sani tun kana yaro. Duk manomin fadama ya san cewa idan bazara ta yi nisa, ruwan ƙasa ya ja baya, sai injin ban-ruwa ya riƙa kuka yana zuƙar iska, tiyo kuma ya bushe. Dabarar da manoma suka samo ita ce su haƙa rami a bakin rijiyar, su sauke injin ciki domin ya matsa kusa da ruwan. Masu gyaran famfo a Italiya sun yi karo da wannan matsala tun ƙarni na 17, har maganar ta kai kunnen Galileo: duk ƙarfin famfo mai zuƙa, ba ya ɗaga ruwa sama da kimanin mita 10. Almajirinsa Torricelli ne ya warware dalilin a wajajen 1643, lokacin da aka cika dogon bututun gilashi da zaiba, aka kifa shi a cikin kwano, aka ga zaibar ta tsaya a tsayin kimanin santimita 76. Abin da ya gane shi ne, famfo iska yake kwashewa daga cikin bututu, sai nauyin iskar sararin samaniya da ke danne fuskar ruwan ya tura shi sama. Wannan nauyi kuwa yana da iyaka. A bakin teku daidai yake da ginshiƙin ruwa mai tsayin mita 10.3, ko na zaiba mai santimita 76, saboda zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6.

Aikin kimiyya zalla ke nan, kuma kyakkyawan aiki ne. Amsar guda ɗaya ce, ta game duniya, yadda take a Italiya haka take a Auyo.

To amma ka taɓa ganin injin da ya zuƙo ruwa daga zurfin mita 10 a fadamarku? A aikace idan zurfin ya kai mita 7 zuwa 8 magana ta ƙare, sau da yawa ma tun kafin a kai nan ruwan da ke fitowa ya koma tsiyaya. Ƙasar Haɗeja ta ɗara bakin teku tudu da fiye da mita 300, saboda haka nauyin iskar ya ɗan ragu. Ruwa mai ɗumi yana saurin komawa tururi idan aka rage masa matsi, kumfar tururin nan kuwa ita ke cinye fankar cikin famfo. Tiyo yana cin nasa rabon ta hanyar gogayya, musamman idan siriri ne ko ya lanƙwashe. Mahaɗar da aka ɗaure da tsohuwar robar tayar babur tana shan iska. Sannan da zarar an fara zuƙa, ruwan cikin rijiyar kansa yakan sauka ƙasa da inda yake kwance, gwargwadon yadda yashin wurin ke sakin ruwa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da fiziks bai san da shi ba. Abin da fiziks ba zai faɗa maka ba shi ne nawa kowannensu ke ci idan suka taru a rijiyar mahaifinka a watan Afrilu, wanne ne ya fi cancanta a kashe kuɗi a magance shi, kuma wane irin famfo ne zai jure shekaru a hannun mutumin da ba ya ganin bakanike sai ranar kasuwa. Nemo amsar irin waɗannan da awo da hujja, ta yadda wani zai iya dogara da ita ya zuba kuɗinsa, shi ake kira binciken injiniya.

Inda hanyoyin suka rabu

Masanin kimiyya yana tambayar yadda abu yake, da dalilin da ya sa yake haka. Domin ya samu amsa tsaftatacciya, sai ya kore duk abin da zai dagula masa lissafi: ya tace ruwan, ya daidaita zafin ɗaki, ya bar abu ɗaya tak yana canzawa. Shi kuwa injiniya tambayarsa ita ce ta yaya abu kaza zai yiwu da waɗannan kaya, da wannan kuɗi, a wannan wuri. Ba shi da ikon kore ƙura da yashi da zafin rana da halin mai amfani da injin, domin su ne ainihin abin da yake bincike a kansu.

Daga nan sauran bambance-bambancen suke tasowa. A kimiyya, idan bayani biyu suka saɓa wa juna, aƙalla ɗaya ba daidai ba ne, kuma gwaji ne zai raba gardama. A aikinmu zane biyu na iya saɓawa, kowanne kuma ya zama daidai a muhallinsa. Famfon da ake nutsawa cikin rijiya ba ruwansa da iyakar Torricelli, tunda turo ruwan yake yi daga ƙasa, amma yana bukatar rijiya mai faɗin bututu, yashi yana cin sa, kuma idan ya lalace ba a kowane gari ake gyara shi ba. Wanda ake ajiyewa a sama yana fama da iyakar zurfi, amma ana iya ɗora shi a babur a kai shi gida da yamma, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda ake satar kayan gona. Kowannensu ya samu wani amfani ne ta hanyar sadaukar da wani, aikin mai bincike kuma shi ne ya auna abin da aka sadaukar, ya nuna a wane hali wannan ya fi, a wane hali wancan ya fi.

Akwai kuma batun lokaci da alhaki, wanda a ganina shi ne bambanci mafi nauyi. Masanin kimiyya yana da damar cewa hujja ba ta isa ba tukuna, a dakata. Injiniyan da aka ba zanen madatsar ruwa ba shi da wannan dama, dole ya yanke girman mafitar ambaliya yau, da bayanan ruwan sama na 'yan shekarun da aka rubuta, alhali ginin zai rayu har ya gamu da daminar da ba a taɓa rubuta irinta ba. Shi ya sa muke aiki da abin da ba a samun sa a dokokin fiziks, wato rarar kariya: idan gwaji ya nuna ƙarfe zai karye a nauyi kaza, sai mu ɗora masa abin da bai kai haka ba da nisa. Nawa ya kamata rarar ta kasance? Idan ta yi yawa, aikin zai yi tsadar da ba za a yi shi ba, idan ta yi kaɗan kuma a yi asarar rayuka. Ana tara wannan adadi ne daga gwaje-gwajen karya kaya da gangan, da kuma nazarin gine-ginen da suka faɗi. Dattawan Kano ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba. A wurin masu aikinmu kowace ɓallewa irin wannan abin nazari ce, kuma da yawa daga ƙa'idojin gini da ake koya muku yau daga irin wannan asara aka rubuta su a faɗin duniya.

Ba kullum kimiyya ke gaba ba

Maganar ɗan baffanka ta ginu a kan wani zato da ya yaɗu, cewa kimiyya ke gano abu, injiniya ya zo daga baya ya ɗauka. Wani lokaci haka abin yake, kuma farantin solar da za ka yi aiki da shi shaida ne. Edmond Becquerel ya lura a Faransa a 1839 cewa haske na iya haifar da lantarki, Einstein ya yi bayanin yadda haske ke zuwa ƙulli-ƙulli a 1905, sai a 1954 ɗakin bincike na Bell a Amurka ya fitar da ƙwayar sola ta silikon mai amfani, wadda ke mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken rana zuwa lantarki. Ba don fiziks ba, babu maƙerin da zai yi tuntuɓe da wannan. Amma tafiyar da aka yi daga kashi 6 zuwa kashi 20 da 'yan kai na farantan da ake sayarwa yau, da saukar farashinsu har manomi ya fara tunanin saye, shekaru 70 ne na binciken yadda ake tace silikon, a yanka shi siriri, a rufe shi ya jure rana da ruwa, kuma babban kason wannan aikin injiniyoyi ne.

Sau da yawa kuwa injin ne ke riga bayani zuwa. Newcomen ya ƙera injin tururi a Ingila a 1712 domin kwashe ruwa daga ramukan ma'adinai, James Watt ya yi rajistar gyaransa a 1769, amma sai a 1824 Sadi Carnot, wanda shi kansa injiniyan soja ne, ya zauna ya tambayi iyakar aikin da za a iya samu daga zafi. Kimiyyar zafi da aka koya wa ɗan baffanka daga wannan tambaya ta tsiro, bayan injinan sun shekara fiye da 100 suna aiki. Haka 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright, waɗanda suka ƙera jirgin sama a Amurka: a 1901 suka haɗa akwatin busa iska, suka gwada siffofin fukafukai kusan 200, suka rubuta abin da kowanne ke ɗagawa, sannan suka tashi a 1903. Ba su gano dokar halitta ba, amma jadawalin da suka tara babu shi a littafin kowa a lokacin.

Misalin da ya fi kusa da kai shi ne ruwa a cikin kanal. Lissafin da ke bayyana motsin ruwa an rubuta shi tun tuni, Navier ya fara a 1822, Stokes ya kammala a 1845. Amma wahalarsa ta kai cewa a shekarar 2000 Cibiyar Clay ta Amurka ta sa kyautar dala miliyan 1 ga wanda ya warware tambayar asali game da shi. Da injiniyoyi sun tsaya jiran wannan, da ba a haƙa kanal ɗin ban-ruwa na Kadawa a Kano ba. Abin da muke aiki da shi a zahiri shi ne ƙa'idar Robert Manning, injiniyan ƙasar Ayalan, wadda ya gabatar a 1889 bayan ya tattara awon da aka yi a koguna da magudanai. A cikinta akwai wata lamba da ke wakiltar kaushin bangon kanal: ta siminti kimanin 0.014 ce, ta kanal ɗin ƙasa mai tsafta kimanin 0.025. Ruwan da kanal ke ɗauka yana raguwa daidai gwargwadon ƙaruwar wannan lamba, wato idan ciyawa ta ninka ta, ruwan ya koma rabi. Kai ɗan Auyo ne, ba sai an kwatanta maka kacala ba, doguwar ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kogin Haɗeja da a da yake cika da damina ya janye da rani ya koma mai gudu kusan duk shekara, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa daga kwarin Haɗeja har zuwa Nguru. Wannan ma darasi ne, cewa maganin da injiniya ya kawo yakan haifi tasa matsalar. To lambar kaushin kanal ɗin da kacala ta cinye rabinsa, da yadda take canzawa wata uku bayan an sare, da sau nawa ya kamata a yi yasa a shekara kafin kuɗin yasar ya zarce amfaninta, duk sai wanda ya shiga ruwan da ma'auni a hannu zai iya faɗa.

Ka duba kuma buhun PICS mai ruɓi uku da ake adana wake a ciki, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue suka fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007, leda biyu masu kauri a ciki da buhu saƙaƙƙe a waje. Manoma sun ga yana aiki, kuma an san ƙwarin ne ke cinye iskar oksijin da ke ciki. Amma sai a 2012 masu binciken suka wallafa cewa abin da ke ƙarasa ƙwarin ƙishirwa ce: ƙwaron wake yana samun yawancin ruwan jikinsa ne ta hanyar ƙona abinci da oksijin, saboda haka idan iskar ta yi ƙaranci sai ya daina ci, ruwan ya yanke masa, ya bushe. Bayanin ya zo ne bayan buhun ya riga ya shiga kasuwa. Tambayoyin da suka sa ya shiga kasuwar kuwa, irin su kaurin ledar, da dalilin sa biyu maimakon ɗaya, da yadda ake ɗaure bakin, duk na injiniya ne.

Inda ɗan baffanka yake da gaskiya

Ka zaga bayan ɗakin ƙira na sassan injiniya da yawa, za ka tarar da injinan sussuka da na ɓarzar masara da na matsar gyaɗa a jere suna tsatsa. Kowannensu aikin kammala digirin wani ne. Ɗalibi ya sayo ƙarfe a Ƙofar Ruwa, ya kai wa mai walda, aka shafa koren fenti, aka tayar da injin ranar kare aiki ya yi ƙara, aka tafa, a babin ƙarshe kuma aka rubuta cewa injin ya yi aiki yadda ake so. Wannan ƙira ce, kuma mai waldan ya fi ɗalibin iya ta. Ana cewa an yi bincike ne idan aikin ya bar ilimin da wani zai ɗauka ya yi amfani da shi ba tare da ya taɓa ganin injinka ba.

Na taɓa halartar gwajin wani injin bugun shinkafa a yankin Kura. A ɗakin ƙira an gwada shi da shinkafar da ta kwana biyu a shanye ta bushe ƙayau, ya yi ta zubo tsaba tas. A gona kuwa manoman sun yanko shinkafar ne da safe da raɓarta, domin ba mai son barin ta a shimfiɗe tsuntsu da dabba su yi rabo. Ba a yi nisa ba ɗanyen kara ya nannaɗe gangar cikin injin, bel ya fara zamewa yana hayaƙi, 'yan aikin suka koma bugu a jikin duro suna dariya. Wanda ya ƙera injin ya so a tsallake wannan a rahoto. Ni kuwa a ganina a nan ne binciken ya kamata ya fara: a wane matakin danshi injin ke fara shaƙewa, wane saurin juyawa ne ke hana nannaɗewar, idan aka ƙara saurin tsaba nawa ce ke karyewa, kuma tazarar haƙoran gangar me take canzawa. Jadawali ɗaya da ya amsa waɗannan ya fi injin kansa daraja, domin duk mai walda daga Kura zuwa Haɗeja zai iya aiki da shi.

Kada kuma ka ɗauka sai abu ya yi sarƙaƙiya yake da ƙima. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta jiha da ke Dutse, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, domin adana kayan miya a ƙauyen da babu lantarki. Kimiyyar abin tsohuwa ce: kowane kilo na ruwa da ya ƙafe yana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400, kuma duk mai randa ta san sakamakon ko da ba ta san adadin ba. Gudunmawarsa ita ce mayar da wannan siffar da mai ginin tukwane zai iya yi, a farashin da magidanci zai iya biya. Kuma tana da iyakarta, domin sanyinta na busasshiyar iska ne, idan laimar Agusta ta sauka sai ƙarfinta ya ragu.

Yanzu mu dawo kan famfonka. A ce gonar hekta 1 ce, a ce kuma tana bukatar ruwa milimita 7 a rana a tsakiyar bazara. Milimita 1 a kan hekta lita 10,000 ne, ka ga lita 70,000 ke nan. Idan rana mai ƙarfi ta awa 6 ce, ana bukatar kimanin lita 3.2 a kowane sakan. Ɗaga lita 1 a sakan zuwa tsayin mita 10 yana cin wat 98, saboda haka ruwan kansa yana neman kusan wat 320, idan kuma famfon da injinsa na lantarki suna ɓarnatar da rabi, sai a nemi wat 640. Ɗan aji biyu zai yi wannan lissafi cikin minti biyar, kuma wannan ɓangaren ne ɗan baffanka yake nufi da cewa an gama shi tuntuni. Matsalar ita ce kusan kowace lamba da na sa a ciki zato ce. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, silikon kuwa yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da haka, don haka farantin da ya kai digiri 60 a ranar Afrilu ya rasa kusan kashi 14. Ƙurar hunturu tana cin nata. Mita 10 da na ɗauka ba a tsaye take ba, tana ƙaruwa yayin da rijiya ke sauka. Sannan ba duk ruwan da ya fito daga tiyo ke kaiwa fangali ba, yashi yana shan wani a hanya.

Shawarata ita ce ka zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, ka bi ta har ƙarshe, maimakon ka taɓa duka sama-sama. Idan ƙura ka zaɓa, ka ajiye faranti iri ɗaya gefe da gefe, ana goge wani kullum, wani mako-mako, wani kuma a bar shi. Kayan awon ba su fi ƙarfinka ba: duro mai lita 200, agogon wayarka, ma'aunin lantarki na hannu, da igiya mai alama da ɗan ƙarfe a bakinta domin zurfin ruwa. Ka auna sakan nawa duron ke ɗauka ya cika da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, ka auna zurfin ruwan rijiyar kafin a tayar da famfo da lokacin da yake aiki, ka maimaita kowane awo, ka rubuta ranar da aka tashi da hazo. Ranar da famfon ya ƙi aiki ma ka rubuta ta da dalilinta, domin takan fi sauran amfani.

Sannan dole ka kwatanta da abin da manomi ke da shi a hannu. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoma da yawa sun kai injinansu an juya su suna aiki da gas ɗin girki, kuma bakanikai ne suka yaɗa dabarar. Mahaifinka ba zai tambaye ka wat nawa ba, zai tambaye ka nawa zai kashe ya shayar da gonarsa daga shuka zuwa girbi da fetur, da gas, da sola, idan an raba kuɗin sayen kowanne a kan shekarun da zai yi. A ƙarshe ka faɗi iyakar sakamakonka ƙarara, cewa ya shafi rijiya mai zurfi kaza a ƙasa iri kaza. Gabashin Jigawa yana kan yashi da lakar kwarin Chadi ne, yammacin Kano kuwa dutse ne a ƙarƙashinsa, abin da ya yi aiki a Auyo ba lalle ya yi a Ƙaraye ba.

Fiziks ko injiniya

Abin da na faɗa ya fito ne daga aikin ruwa da injinan gona, inda layin da ke tsakanin fannonin biyu yake a bayyane. A fannoni irin su ƙirar batir da ƙwayoyin lantarki layin ya kusa shafewa, mutum ɗaya yakan yi kimiyya da safe ya yi aikin injiniya da yamma, saboda haka idan can zuciyarka ta karkata, ka nemi shawarar masu yin sa. Kuma ban ga halinka ba balle in zaɓa maka. Abin da zan ce ka lura da shi shi ne irin tambayar da ke hana ka barci. Idan ka ga faranti ya rage ƙarfi da zafi, hankalinka ya tafi kan abin da ke faruwa a cikin silikon ɗin, har ka manta da gonar, to kana da jinin fiziks, kuma babu aibi a wannan, ƙasar nan tana bukatar masu yin sa. Idan kuwa hankalinka ya tafi kan yadda za a ɗaga farantin iska ta ratsa ƙarƙashinsa, da nawa ƙarfen ɗagawar zai ci, to kana inda ya dace da kai. Gori kaɗai bai isa dalilin sauya fanni ba.

Ka kuma yi la'akari da wurin aiki. Fiziks na gwaji yana bukatar kayan da suka yi tsada, kaɗan ne daga jami'o'inmu ke da su. Kai kuwa aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja yana bakin ƙofarku, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ga cibiyar nazarin noma a yankunan ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, ga cibiyar injinan noma ta ƙasa a Ilorin da ke gwada injina. Shi ɗan baffan naka ma ka jawo shi cikin aikin, domin 'yan fiziks sun fi mu horo wajen ƙididdige kuskuren awo, kuma za ka bukaci wanda zai faɗa maka ko bambancin da ka gani tsakanin faranti biyu na ƙura ne ko na rawar hannunka a kan agogo.

Abu na ƙarshe shi ne kalanda. Ƙurar hunturu tana tsakanin Nuwamba da Fabrairu ne, saukar ruwan rijiya da tsananin zafi kuwa daga Maris zuwa Mayu, kuma da zarar ruwan sama ya sauka babu ɗaya daga cikinsu da za ka iya aunawa sai baɗi. Ka duba ranar da sashenku ya sa domin miƙa aiki, ka zaɓi tambayar da lokacinta ya faɗo kafin ranar, ka kai wa malamin da ke duba aikinka tsarin awon a rubuce tun kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya.